Sabbin Wayoyi Suna Tafe: Shin Cikinsu Zai Ɗauki Kayanmu?

   

Yau zancenmu a kan waya yake. Wayar hannu, wadda wataƙila yanzu haka da ita wani yake sauraronmu.

Kun san yadda kamfanonin waya suka raba shekara a tsakaninsu. Farkon shekara, Samsung kan fito da sabuwar Galaxy S. Watan Satumba na Apple ne, lokacin sabuwar iPhone. Google kan fito da Pixel tsakanin Agusta da Oktoba. Su kuwa Tecno da Infinix da itel da Redmi, ba a yin 'yan watanni ba a ga sabuwa ba. Tun kafin waya ta fito, matasa sun fara musu a majalisa. Wannan ya ce kyamarar waccan ta fi. Wancan ya ce batirin wannan ya fi riƙe caji. Wani ya riga ya fara tara kuɗi.

A duk wannan musu, akwai tambayar da ake barinta a baya. Nawa cikin wayar zai ɗauka? Memorinta giga nawa ne? Kuma zai isa?

Ga abin da na zo in faɗa muku yau, kuma zan maimaita shi. Idan za ka kwatanta wayoyin da ke tafe, ka fara da ma'adanarsu. Kuma kada ka auna ta da ranar da ka buɗe kwali. Ka auna ta da shekara ta uku. Ranar farko kowace waya fili ce fetal. A shekara ta uku ake gane wadda ta isa.

To, bari mu fara da warware wani ruɗani, domin a nan ake yawan cutar mai saye.

A jikin kwalin waya za ka ga lambobi biyu. Misali 8 da 128. Ko 4 da 64. Ƙaramar lambar ita ce RAM. Babbar ita ce ma'adana, wadda muke kira memori, wasu su ce sifes. Aikinsu daban. Ma'adana kamar rumbu take, nan ake zuba hatsin shekara. RAM kuma kamar turmi, abin da ake dakawa yanzu shi kaɗai yake ɗauka. Hotunanka da bidiyonka da manhajojinka, duk a rumbu suke kwana. Idan ka buɗe manhaja, sai a ɗebo ta a zuba a turmi.

Me ya sa na kawo wannan? Saboda wani salon talla da ya yaɗu. Za ka ga an rubuta 8+8, ko a ce RAM 16 da manyan haruffa. Ka duba da kyau. A irin wannan rubutu, 8 ne na ainihi. Sauran 8 ɗin aro ne, kuma daga ma'adanar wayarka aka aro su. Wato an gutsuri wurin ajiyarka, an mayar da shi mataimakin RAM. Ba ya sauri kamar RAM na gaske, kuma ya rage maka wurin ajiye kaya. Ba na cewa ba shi da amfani ko kaɗan. Amma ya kamata mai saye ya san abin da ya biya wa kuɗi.

Abu na biyu, masu sauraro. Lambar da ke kan kwali ba ita za ka tarar a ciki ba. Waya tana zuwa da tsarin da ke tafiyar da ita, Android ko iOS, kuma shi ma a ma'adanar yake zaune. A wayoyin zamani yakan ci fiye da giga 10, wani lokaci ya wuce haka nesa. Ga kuma manhajojin da kamfani ya cusa tun daga masana'anta, waɗanda ba ka nema ba, wasunsu ma ba sa goguwa. Saboda haka mai waya mai giga 64, abin da ya rage masa ya yi ƙasa da haka sosai tun bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Sannan waya ba ta son a cika ta maƙil. Idan ta cika sai ta fara nauyi. Saƙo ya ƙi shigowa. Sabuntawa ta ƙi sauka. Kyamara ta ƙi ɗauka. Dole a bar mata wurin numfashi.

Yanzu kuma mu duba inda manyan kamfanonin suka dosa. Domin abin da suka yi jiya shi zai nuna mana abin da za mu sa wa ido gobe.

Mu ɗauki Apple. Lokacin da iPhone ta farko ta fito a 2007, giga 4 ce da giga 8. A wancan zamani an ga kamar duniya ce. Shekaru suka tafi, iPhone 11 da iPhone 12 suka fara daga 64. A 2021, da iPhone 13, aka ɗaga mafi ƙanƙanta zuwa 128. A watan Satumban 2025 kuma, iPhone 17 ta fara daga 256. Kun ji yadda abin yake hawa. Kamfani ba ya ƙara wannan don kyauta. Ya ƙara ne domin ya ga na baya ya daina isar mutane. Kuma ku riƙe wannan: iPhone ba ta taɓa karɓar katin memori ba. Abin da ka saya, da shi za ka zauna har ka rabu da wayar.

Samsung fa? Tarihinta da katin memori ya yi ta kai da kawowa. A 2015 ta cire ramin kati daga Galaxy S6. Mutane suka koka. Shekara ta zagayo, ta dawo da shi a S7. A 2021 ta sake cire shi daga S21, kuma tun daga nan bai dawo cikin manyan wayoyin S ba. Galaxy S25 ta 2025, ƙaramarta ta fara ne daga 128 a ƙasashe da dama, babbarta Ultra daga 256. Ita ma Pixel ta Google ba ta karɓar kati, kuma Pixel 10 ta fara daga 128.

Akwai wani ɓoyayyen bambanci da ba a cika faɗa ba. Wani lokaci ƙaramar ma'adana ba ƙanƙanta kaɗai ta yi ba, har saurinta bai kai ba. An ga haka a Galaxy S23 ta 2023. Mai giga 128 ta zo da tsohon nau'in ma'adana, mai 256 ta zo da sabon nau'i wanda ya fi gudu. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma ciki ya bambanta.

Sai wayoyin da suka fi yawa a hannunmu. Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfani ɗaya ne, Transsion, wanda ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Su da Redmi da ƙananan Samsung na jerin A, su ne suka cika shaguna a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja. A nan, gaskiya, akwai abin yabawa. Da yawa daga cikinsu har yanzu suna karɓar katin memori. Kuma ana samun mai giga 256 a farashin da bai kai rabin na manyan wayoyi ba. Wato wayar talaka ta riƙe wata dama da wayar mai kuɗi ta yar. Sai dai wannan dama ta fara zamewa. A 2025 Samsung ta cire ramin kati daga Galaxy A36 da A56, waɗanda suke matsakaita. Don haka kada ka ɗauka cewa tunda tsohuwar wayarka tana cin kati, sabuwar ma za ta ci. Ka tambaya. Ka sa a zaro maka ma'ajiyar layin ka gani da idonka.

Masu sauraro, mu ɗan tsaya a nan. Me yake cika waya ne haka? Domin sai ka san abin da yake cika ta, sannan za ka san nawa zai ishe ka.

Na farko shi ne bidiyo. Babu abin da ya kai shi ci. Apple da kanta ta rubuta ƙiyasi a cikin saitin kyamarar iPhone. Minti ɗaya na bidiyo mai kyau na yau da kullum yana cin wajen mega 60. Minti ɗaya na 4K mafi santsi yana cin wajen mega 400. Ku lissafa. Ka ɗauki kamu ko ɗaurin aure na minti goma da 4K, giga 4 sun tafi. Ka ɗauki awa guda, ka cinye giga 24. Biki uku ko huɗu, ƙaramar waya ta cika.

Kuma ga abin da ya fi ba ni damuwa. Kamfanonin suna gasar ƙara ƙarfin kyamara kowace shekara. Samsung ta kawo bidiyon 8K tun 2020, ta kawo kyamara mai megafiksel 200 a 2023. Duk ƙarin kyau a hoto, ƙarin nauyi ne a ma'adana. Ana sayar maka da waya saboda kyamararta, amma idan ka ɗauki mai ƙaramin ciki, ba za ka iya sakin jiki da kyamarar ba. Apple ma ta nuna haka a fili. A iPhone 13 Pro, akwai tsarin ɗaukar bidiyo na ƙwararru mai suna ProRes. Wanda ya sayi mai giga 128, an hana shi ɗaukarsa da 4K. Sai mai 256 zuwa sama. Kamfanin da kansa ya san cikin ba zai ɗauka ba.

Na biyu, kuma a wurinmu ina ganin shi ne babba, WhatsApp.

Ku duba rayuwarmu. Mutum ɗaya yana zauren dangi. Yana zauren 'yan ajinsu. Yana na masallaci, yana na unguwa, yana na wurin aiki, yana na siyasa. Da asuba an turo hoton barka da safiya. Ranar Juma'a an turo katin gaisuwa kala goma. An turo wa'azi, an turo barkwanci, an turo bidiyon haɗarin mota, an turo saƙon murya na minti bakwai. Bidiyo ɗaya ya shigo ta zaure uku. Idan ba ka hana ba, wayar tana sauke su da kanta, tana jibgewa. Kai kana barci, ita tana cika. Tun 2022 ma WhatsApp ya ba da damar tura fayil har mai giga 2, a 2023 kuma ya kawo tura hoto mai inganci sosai. Abu ne mai kyau, amma ma'adanarka ce take biya.

Kuma ba duka ne shirme ba. A nan nake son mu yi adalci. Matar da take sayar da atamfa da turare daga ɗakinta, shagonta yana cikin waya. Hoton kowane kaya, bidiyon kowane leshi, shaidar biyan kowace kwastoma. Tela yana da ɗaruruwan samfurin ɗinki da yake nuna wa masu zuwa. Ɗalibi yana da littattafai da karatun malamai. Dattijo yana da tafsirin azumi na shekaru, yana saurare a gona. Ga masu zuwa wurin 'yan turi a zuba musu fina-finan Hausa da fassarar Indiya, ga masu karɓa ta Xender daga wayar aboki. Mu muna ajiye abu a cikin waya ne saboda ba kullum muke da data ba, kuma ba ko'ina ake samun sabis ba. Wanda ya zauna a Amurka ko Koriya ya yanke cewa giga 128 ta isa, ya yi lissafinsa ne da mutumin da yake da intanet a gida dare da rana. Wancan ba ya sauke fim, kallonsa yake kai tsaye. Mu saukewa muke yi. Shi ya sa buƙatarmu ta ma'adana ta fi tasu, ko da wayarmu ta fi tasu araha.

Na uku sabon shiga ne. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI. Duk wayar da ke tafe, da ita ake tallarta. Za ta gyara maka hoto, za ta taƙaita maka saƙo, za ta yi maka fassara. To, wani ɓangare na wannan basira a cikin wayar yake zama, ba a sama ba. Apple ta bayyana cewa nata tsarin yana buƙatar wajen giga 7. Ka ga an sake gutsurar wurinka. Wasannin waya kuwa ba sai na tsaya ba, matasa sun fi ni sani. Babban wasa ɗaya yana iya cin abin da hotuna dubbai za su ci.

Ga kuma wani juyi da ya sa na ce a auna da shekara ta uku. A da, waya takan tsufa da wuri, domin kamfani yakan daina sabunta ta bayan shekara biyu ko uku. Yanzu abin ya canza. Google ta yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa tun daga Pixel 8 a 2023. Samsung ta yi irin wannan alkawari daga Galaxy S24 a 2024. Wannan labari ne mai daɗi, musamman a wannan tsadar rayuwa da mutum ba ya iya canza waya kowace shekara. Amma ku yi tunani. Kowace sabuntawa tana ƙara nauyi. Manhajoji suna ƙara ƙiba. Hotuna suna taruwa. Batiri idan ya mutu ana canza shi. Gilashi idan ya fashe ana sa wani. Ma'adana kuwa, a wayar da ba ta cin kati, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Wayar da aka ce za ta yi shekara bakwai, a ba ta giga 128 babu kati, a ganina an yi alkawarin da cikinta ba zai iya cikawa ba.

Na san wani zai ce, ai akwai mafita. A ajiye kaya a intanet, a ma'adanar Google ko iCloud. To, mu duba wannan magana da idon basira, domin tana da ƙamshin gaskiya.

Ajiya a intanet tana da babban amfani. Idan an sace waya, ko ta faɗa ruwa, kayanka suna nan. Ina ba kowa shawara ya ajiye lambobin mutane da muhimman takardu a can. Amma kyautar tana da iyaka. Google giga 15 take bayarwa, kuma a ciki ake lissafa wasiƙunka da hotunanka. Apple giga 5 kawai, tun 2011 ba ta ƙara ba. A da Google Photos yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, amma an rufe wannan ƙofa a watan Yunin 2021. Ajiyar WhatsApp ta masu Android ma a da ba a lissafa ta, daga farkon 2024 aka mayar da ita cikin wannan giga 15 ɗin. Idan ka wuce iyaka, sai biya duk wata. Haya ce da ba ta ƙarewa.

Sannan ɗora kaya can data yake ci, sauko da shi ma data yake ci. A Najeriya, a watan Janairun 2025, hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kowa ya ji a aljihunsa. Wanda yake sayen data ta kwana ɗaya, za ka ce masa ya ɗora bidiyon giga 4? Wanda yake ƙauye, sai ya hau tudu yake samun sabis, ta yaya zai buɗe hoton da ke can sama lokacin da yake buƙata? Don haka ajiyar intanet taimako ce. Ba ta maye gurbin wadatacciyar ma'adana a cikin wayar kanta, aƙalla a halin da muke ciki.

Katin memori fa? Shi ne mafita mafi sauƙi ga wanda wayarsa take karɓa. Ka zuba masa fina-finai da karatu da hotuna, wayar ta samu sarari. Amma akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, yawancin manhajoji ba sa zama a kan kati, a cikin waya suke. Kati ba zai ceci waya mai giga 32 daga nauyin manhajoji ba. Na biyu, jabun kati ya yi yawa. Za a rubuta 128 a jiki, waya ma ta nuna 128, alhali na ainihi bai wuce 8 ba. An yi wa katin dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Za ka yi ta zuba kaya yana karɓa. Sai ranar da ka je buɗe hotunan suna ko na walima, ka tarar sun lalace, ba sa buɗuwa. Wannan asara ce da kuɗi ba ya mayarwa. Idan ka ga kati mai girma a farashin banza, ka bar shi. Araha ba ta ado. Ka saya a shagon da za ka iya komawa, kuma ka cika shi da kaya ka gwada buɗe su kafin ka amince masa.

To, masu sauraro, mun zo kan tambayar kanta. Nawa ne ya isa?

Zan faɗi ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Sabuwar babbar waya mai giga 64, a yau, ban ba kowa shawarar saye ba, sai wanda kira da ɗan WhatsApp kawai yake yi, kuma wayar tana cin kati. Wannan ya shafi masu sayen ta hannu su ma, musamman tsofaffin iPhone. Za ka ga iPhone 11 tana ƙyalli, farashi ya yi daɗi, ka duba ka ga 64 ce. Ba kati, ba ƙari. Wata shida ka fara goge-goge. Na fi son matashi ya riƙe matsakaiciyar waya mai faɗin ciki da ya riƙe mai suna wadda kullum take kukan ta cika.

Giga 128 tana isar mutum mai matsakaicin amfani, idan yana share wayarsa lokaci-lokaci, kuma zai fi kyau idan akwai kati. Amma wayar da ba ta cin kati, wadda kake niyyar riƙewa shekara uku zuwa sama, ka nemi 256. Mai sana'a da waya, mai ɗaukar biki, mai harkar TikTok ko YouTube, shi 256 ce mafarinsa, 512 ta fi masa kwanciyar hankali. Sama da haka, sai wanda bidiyo ne abincinsa. Kada kuma a ruɗe ka ka sayi abin da ba za ka taɓa cikawa ba. Wannan ma asarar kuɗi ce, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. A Amurka, Apple ta saba ɗora dala 100 tsakanin 128 da 256. Ku mayar da ita naira ko sefa ku ji.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin naka ma'aunin, kuma ba sai ka tambayi kowa ba. Wayar da ke hannunka ita ce shaida. Ka shiga saiti, ka nemi wurin ma'adana. Za ta nuna maka nawa ka cinye, da abin da ya ci. Ka tuna yaushe ka saye ta. Idan a shekara biyu ka cika 64, kana ta gogewa, to sabuwar da za ka saya kada ta gaza ninki biyu. Idan kana da hali, ka wuce haka. Domin hotunan sabuwar sun fi nauyi, manhajojinta sun fi girma.

Idan kuma kuɗinka ya tsaya tsakanin waya biyu, ɗaya sabuwar fitowa mai ƙaramin ciki, ɗaya ta bara mai babban ciki, ni ta bara zan nuna maka. Bambancin kyamarar bana da ta bara, sau da yawa ido ba ya gane shi. Bambancin 128 da 256 kuwa, za ka ji shi kowace rana idan tafiya ta yi nisa.

Kun san abin da ya sa na ɗauki wannan magana da zafi? Saboda abin da mutane suke gogewa cikin gaggawa. Waya ba ta cika a lokacin da kake zaune lafiya. Tana cika ne ana tsakiyar ɗaurin aure, ko yaro ya fara takawa, ko ana jiran ka turo takarda. Sai mutum ya shiga goge abu ido rufe don ya samu wuri. A nan ake rasa muryar mahaifiya da ta rasu. A nan ake rasa hoton ƙarshe da aka ɗauka da ɗan'uwa. A nan ɗan kasuwa yake rasa shaidar kuɗin da yake bin wani. Wayoyinmu sun zama wurin ajiyar tarihin gida. Bai kamata mu bar wannan ga sa'a ba.

Su ma 'yan'uwanmu masu sayar da waya, ina da roƙo gare ku. Dattijo ko baiwar Allah ta zo shagonka, ba ta san bambancin RAM da ma'adana ba. Ka yi mata bayani. Ka faɗa mata 8+8 ɗin nan me yake nufi. Ka faɗa mata ko wayar tana cin kati. Ka tambaye ta me za ta yi da ita. Amana ce a hannunka, kuma wanda ka yi wa gaskiya shi zai dawo maka da 'yan'uwansa.

Saboda haka, idan an fara tallar wayoyin da ke tafe, aka cika muku kunne da kyamara da launi da sirantaka, ku yi tambaya uku. Cikinta giga nawa ne na ainihi? Tana cin kati? Zai kai ni shekara ta uku?

Kafin nan kuma, masu sauraro, ga ɗan aikin da zan bar muku a daren yau. Ku buɗe WhatsApp, ku shiga saitinsa, wurin da ke kula da ma'adana da data. Zai jero muku manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa. Ku goge na gogewa a natse. Ku kashe saukar da bidiyo kai tsaye daga zauruka. Abin da ba ku son rasawa, ku kwafe shi a wuri na biyu, a kati mai kyau, ko kwamfuta, ko intanet. Wanda ya iya, ya taimaka wa iyayensa da maƙwabtansa su ma su yi.

A nan za mu dakata.  Allah ya sa mu sayi abin da zai amfane mu, ya tsare mana dukiyarmu, ya hore wa wanda yake nema.